Injuna ko Lantarki? Fashin Baƙi ga Mai Niyyar Digirin Digirgir a Injiniyanci

Wata ranar Juma'a da daddare ɗan yayata ya zo gaishe ni. Muka ci tuwo, aka kwashe kwanuka, amma na lura ba shi da niyyar tashi. Can sai ya gyara zama ya ce, "Kawu, shawara nake nema." Yaron ya yi digirinsa na farko a injiniyancin injuna, wanda ɗalibai suka fi sani da mekanikal, ya yi bautar ƙasa, ya koma ya yi na biyu a fannin makamashi, yanzu kuma zuciyarsa na kan digirin digirgir. Abin da ya hana shi sukuni shi ne abokansa sun yi masa caa a kan ya tsallaka ɓangaren lantarki, wai can kasuwa ke ci, mekanikal kuwa zamaninta ya wuce. Na tambaye shi wace matsala ce yake jin zai iya shafe shekara huɗu ko biyar yana kwana da ita yana tashi da ita ba tare da ta gundure shi ba. Ya yi shiru, daga baya ya ce bai taɓa kallon abin ta nan ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Yawancin matasan da ke wannan tambaya suna yin ta ne da irin tunanin da suka cike fom ɗin JAMB da shi, lokacin da sunan sashe shi ne komai. A digirin farko hakan daidai ne, domin sashen da ka shiga shi ke yanke darussan da za ka yi na shekara biyar. Digirin digirgir kuwa haƙa rijiya ne a taki guda. Ana ɗaukar tambaya ɗaya siririya, a yi ta nutsawa a cikinta har a fito da abin da ba wanda ya sani a da. Wanda ya yi digirgir a kan eriyar wayar salula, takardarsa za ta ce lantarki, amma in aka kai shi gaban tiransifomar unguwa da ta ƙone, ba lalle ya fi ɗan digirin farko sanin inda zai kama ba. Don haka abin da mutum yake zaɓa a gaskiya shi ne tambayar, da malamin da zai duba aikin, da kuma wurin da ƙwarewar za ta yi amfani in an gama. Sunan sashe yana biyo baya.

Kowane ɗaya daga cikin fannonin nan biyu gidan gandu ne, sassa a cikinsa birjik, wasu ma ba sa jin yaren juna. A gidan injuna akwai masu nazarin zafi: yadda yake ratsa ƙarfe, yadda mai ke ƙonewa a cikin inji, yadda ake sanyaya ɗaki ko kayan gona. Akwai masu bin gudun ruwa da iska a cikin bututu ko a kan fiffiken jirgi. Akwai masu binciken ƙarfin ƙarfe da gajiyarsa, wato dalilin da ya sa sandar inji ke aiki shekara goma lafiya sannan ta karye rana ɗaya. Ga masu dabarun ƙira, ga masu motsi da sarrafa mutum-mutumi. A gidan lantarki kuma akwai masu samar da wuta da jigilarta a manyan layuka, da masu juya ta daga wani nau'i zuwa wani kamar yadda inbata da caja ke yi, da masu sadarwa da tace sigina, da masu zana ƙwaƙwalwar na'ura, ɗan ƙaramin abin nan da ake kira cif. Mai binciken manyan layukan wuta ya fi kusa da ɗan mekanikal mai nazarin injin tashar wuta fiye da maƙwabcin ofishinsa mai zana cif. Kenan in aka ce "lantarki ta fi kasuwa", dole a tambaya: wace lantarkin?

Inda na fi son a tsaya a duba shi ne kan iyakar gidajen biyu, domin a ganina nan ne aikin zamaninmu ya taru. Duk wanda ya taɓa kai janareta gyara ya san abu biyu ne a jone. Gefe ɗaya inji ne mai fistin da kafireto, wannan na bakanike ne. Ɗaya gefen kwayil ne, na mai naɗin waya. Tashar wuta ma haka take, girma ne kawai bambanci. A Najeriya wutar da ke kan layi tana zagaye 50 a daƙiƙa, kuma wannan lamba tana ɗaure ne da saurin juyin janaretoci. Da yawa daga cikin na tashoshin gas suna juyi 3,000 a minti don su ba da wannan 50 ɗin. Idan lodi ya fi ƙarfin abin da ake samarwa, injunan sai su fara nauyi, juyinsu ya ragu, lambar ta faɗo ƙasa da 50. In ta faɗi da yawa, na'urorin kariya sai su fara cire tashoshi ɗaya bayan ɗaya don kada su lalace, kowace ta fita sai nauyi ya ƙaru a kan sauran, cikin ƙanƙanin lokaci ƙasa ta shiga duhu. Abin da ake nufi kenan idan aka ji a labarai cewa babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe. To abin da ke riƙe da tsarin a daƙiƙun farko, kafin kowace na'ura ta farga, shi ne nauyin ƙarfen da ke juyawa. Matsala ce ta injuna da lantarki a lokaci guda, kuma tana ƙara tsanani ne yayin da sola ke yawaita, tunda faifan sola ba shi da wani abu mai juyawa. Yadda za a koya wa inbata ta kwaikwayi wannan nauyi yana cikin manyan abubuwan da ake bincike a kai yanzu a duniya.

Har lissafin ma na tarayya ne. Bafaranshen nan Joseph Fourier ya wallafa aikinsa a 1822 yana neman gane yadda zafi ke tafiya a cikin abu mai tauri, tambaya ce ta 'yan mekanikal tsantsa. Yau dabarar tasa ita ce gatarin masu sadarwa, ba a tace murya ko hoto ba tare da ita ba.

Ga wani misalin da ya fi kusa da gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu noman rani da dama suka fara jingine injin ban-ruwa mai shan fetur suna komawa sola. Ka tsaya a bakin gona a fadama da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu ka kalli kayan nan. Faifan da aka rubuta wa ƙarfin wat 400, a ma'aunin zafi 25 aka gwada shi. A ranar bazara ta Sakkwato ko Maraɗi, iska kanta ta haura 40, fuskar faifan kuwa tana iya kaiwa 60 ko fiye, ba ka iya ɗora tafin hannu a kai. Faifan silikon yana rasa wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri da ya hau sama da 25, kenan kusan kashi 14 sun tafi tun kafin a yi maganar ƙura. In hunturu ya shigo, ƙurar ta kwanta a kai, wani kason ya sake tafiya. Manomi yana ganin ruwa ya rage gudu a bakin tiyo, sai ya ce kayan jabu aka sayar masa. Yadda za a sanyaya faifan da araha, da yadda za a kawar da ƙura ba tare da ɓarnar ruwa ba, da wane famfo ya dace da zurfin rijiyar da yashin da ke cikinta, duk aikin ɗan injuna ne. Akwatin da ke tsakanin faifai da famfo, wanda ke tatso iyakar wutar da rana ta bayar yana daidaita gudun injin famfon, wannan na ɗan lantarki ne. A wannan gona guda akwai tambayoyin digirgir da suka ishi mutum biyar, kuma amsar da aka samo a Jamus ba lalle ta yi aiki a nan ba, domin ranarsu da ƙurarsu ba irin tamu ba ce.

Ba yau muka fara ba. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa kan amfani da zafin rana tun zamanin da duniya ba ta damu da sola ba. A Jigawa kuma Mohammed Bah Abba ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000 da tukunya cikin tukunya: a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwa na ƙafewa yana janye zafi, tumatir da alayyafo su daɗe ba su lalace ba. Ilimin zafi ne zalla, aka yi shi da yumɓu.

Sai maganar kayan aiki, wadda matasa kan raina har sai ta cije su. Bincike iri biyu ne, na gwaji da hannu da na kwaikwayo a kwamfuta. Gwajin 'yan injuna yakan ci kuɗi: injin ja da matse ƙarfe, madubin ganin ƙwayoyin ƙarfe, ramin iska na gwada fiffike. Na ga ɗalibin da ya yi wata bakwai yana jiran a gyara na'ura guda, daga ƙarshe ya naɗe samfuransa a jarida ya hau mota zuwa wata jiha, ya biya da kuɗin aljihunsa aka auna masa. A ɓangaren lantarki akwai sassan da kwamfuta mai ɗan ƙarfi da manhaja irin MATLAB ko Python sun isa mutum ya yi aikin da mujallar duniya za ta karɓa, kamar tace sigina, dabarun sarrafawa (wato yadda ake sa na'ura ta riƙa daidaita aikinta da kanta), da nazarin tsarin layukan wuta. Amma kada a ɗauka duk lantarki haka take. Ƙera cif na buƙatar ɗaki na musamman da ko ƙwayar ƙura ba ta shiga, gwajin wuta mai ƙarfin gaske ma sai da ɗakin gwaji mai tsada. 'Yan injuna su ma suna da mafita, tunda manhajar OpenFOAM kyauta ce kuma ana kwaikwayon gudun ruwa da zafi da ita, sai dai tana cin ƙarfin kwamfuta. Wanda zai yi karatunsa a Zariya ko Kano ko Bauchi ko Minna, ya je da ƙafarsa ya ga na'urar da zai dogara da ita, ya ga tana aiki, kafin ya amince da taken bincike. Kada ya yarda da "ai muna da ita".

Yanzu aiki, wanda shi ne ainihin abin da ke cin ran ɗan yayata. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce masana'antun Najeriya da Nijar ba digirin digirgir suke nema ba. Manajan kamfanin siminti yana neman wanda zai hana injin niƙa tsayawa, kamfanin rarraba wuta yana neman wanda zai rage asara a kan layi. Shekara biyar a bakin aiki da rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, sun fi yi wa mutum amfani a wurinsu fiye da kundin bincike mai shafi 200. Wani lokacin ma digirin kan zama cikas, a ce ka fi ƙarfin gurbin. Wanda burinsa shi ne ya zama babban injiniya a masana'anta a gida, shawarata ya nemi aiki yanzu, digiri na biyu ya ishe shi. Digirgir na mutum uku ne: mai son koyarwa a jami'a, mai son aikin bincike a cibiya ko a kamfanonin ƙetare masu ƙirƙirar sababbin kaya, da mai son zama ƙwararren da gwamnati ko manyan hukumomi ke kira a kan abu guda.

Masu cewa mekanikal ta mutu suna da abin nunawa, ba zan musa ba. An fara aikin ƙarafa na Ajaokuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, har yau bai tashi yadda aka tsara ba. Kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ba shi da armashinsa na da. Masaƙun Kakuri sun rufe, masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai sun koma rumbunan ajiya. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 ta shafe shekaru ba ta tace komai. Iyayen da suka ga wannan da idonsu ba za a zarge su ba in suka hana 'ya'yansu. Sai dai akwai ɗaya gefen. Matatar Ɗangote a Legas mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, kamfanonin siminti a Obajana da Ashaka da Kalambaina, masana'antun casar shinkafa a Kano da Kebbi, bututun gas na kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, matatar Soraz kusa da Damagaram, dukkansu famfo ne da bututu da tukunyar tururi da injin matse iska. Kuma yawancin abin da ya kashe masana'antun can na farko rashin wuta ne da manufofin gwamnati, ba wai duniya ta daina buƙatar injuna ba.

Ɓangaren lantarki kuwa matsalar ce kasuwarsa. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, tashoshinta a takarda sun kai wajen megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000. Kainji tun 1968 take, ga Jebba, ga Shiroro, ga Zungeru mai megawat 700 da ta shigo daga baya, Mambilla kuwa har yanzu magana ce. An sayar da kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa a 2013, sannan dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da hukumar sa ido tasu. Wannan na nufin kowace jiha da ta ɗauki abin da gaske za ta buƙaci mutanen da suka san lissafin tsarin wuta da farashinta, kuma irinsu ba su da yawa a Arewa. Duk wanda ya zauna a Kano ko Kaduna a watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layuka ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki, ya san abin da dogaro da hanya ɗaya ko biyu ke jawowa. Nijar ma ta ɗanɗana a 2023 da Najeriya ta yanke mata wuta saboda takunkumin ECOWAS, alhali kaso mafi tsoka na wutarta daga nan yake zuwa, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ce ta ɗan rage raɗaɗin a Yamai. An buɗe wa Jami'ar Bayero tata tashar sola a 2019. Ƙananan tashoshi na ƙauyuka, batura, mita, kariyar layi: a nan kam ƙofofi sun fi yawa, kuma mai digirgir a wannan sashe yana iya haɗa koyarwa da aikin ba da shawara.

A jami'a kuwa duk fannonin biyu suna neman malamai, kuma ba a hawa manyan matakai sai da digirgir. Amma akwai wani tarko da ya kamata mai son tsallake sashe ya sani. Jami'o'inmu suna son ganin digiri uku a layi guda. Wanda ya yi na farko a injuna, ya yi digirgir a lantarki, yana iya dawowa ya tarar sashen lantarki na cewa tushensa ba nasu ba ne, sashen injuna kuma na cewa ƙwarewarsa ba tasu ba ce. Rajistar injiniya ma digirin farko take bi. A Turai da Amurka ba a cika damuwa da wannan ba, abin da ka wallafa ake dubawa. Don haka mai niyyar dawowa koyarwa ya fi masa sauƙi ya zauna a sashensa ya ɗauki bincike mai leƙa maƙwabta, ko ya nufi sassan da aka gina su a kan haɗakar tun asali, irin mekatironiks.

A ƙetare, ƙididdigar ofishin ƙwadago na Amurka ta daɗe tana nuna matsakaicin albashin fannonin biyu a kewayen dala 100,000 a shekara, lantarki na gaba da ɗan rata. Ratar ba ta kai a sauya rayuwa a kanta ba. Inda bambancin yake da gaske shi ne a wasu sassa. Amurka ta ware sama da dala biliyan 50 a dokarta ta 2022 don dawo da ƙera cif gida, motoci masu batir na neman masu ƙwarewa a inbata da caji, kuma masu tace sigina suna zamewa cikin sauƙi zuwa aikin ƙirƙirarriyar basira, tunda lissafin kusan ɗaya ne. Amma duk waɗannan suna jan 'yan injuna a bayansu. Batir ba ya son zafi, wani ne zai tsara masa sanyaya. Manyan rumbunan kwamfutoci da ƙirƙirarriyar basira ke gudana a kansu, babbar damuwarsu ita ce fitar da zafi. Na'urar da kamfanin ASML na Holan ke ƙerawa, wadda da ita ake zana cif mafi ƙanƙanta a duniya, aiki ne na daidaita motsi da girgiza da zafi a ma'aunin da ido ba ya gani, kuma cike kamfanin yake da 'yan mekanikal.

Akwai shingen da baƙo ya kamata ya sani. A Amurka ayyuka da dama na jiragen sama, kumbo da tsaro, doka ta keɓe su ga 'yan ƙasa da masu takardar zama ta dindindin, kuma wannan ya fi taɓa 'yan injuna masu sha'awar jirage, ko da yake yana taɓa wasu sassan lantarki ma. A Ingila ɗan Najeriya ko Nijar mai neman digirgir a injiniyanci sai ya sami takardar izini da ake kira ATAS kafin biza. Sannan a tambayi kai da gaskiya: gida zan dawo? Babu masana'antar ƙera cif a Najeriya ko Nijar. Wanda ya ƙware a nan ya dawo, allo da alli ne za su zama abin aikinsa, sai dai ko ya sami aikin zane daga nesa. Wanda ya ƙware a tsarin wuta, ko sanyaya, ko famfunan ruwa, ranar da ya sauka daga jirgi aikinsa na jiransa.

Kuɗi kuma shi kan yanke hukuncin da mutum yake zaton shi ya yanke. Tun da aka saki Naira a 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 zuwa sama da 1,500 a 2024, karatun waje da kuɗin gida ya fi ƙarfin kusan kowa. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, wadda malaman jami'a da yawa suka je Malesiya da Ingila ta hannunta, ta dakatar da tura sababbi ƙetare daga farkon 2025. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, na nan ga masu binciken da ya shafi mai da gas da makamashi, kuma ƙofarta a buɗe take ga fannonin biyu. Matsayina a nan ba ya rawa: kada wani ya sayar da gona ko fili don ya biya kuɗin digirgir a injiniyanci a waje. A Jamus, Holan da Suwidin, ɗalibin digirgir a injiniyanci galibi ma'aikaci ne mai albashi. A Amurka malami ke ɗaukar ka da kuɗin bincikensa, ko sashe ya ba ka aikin taya koyarwa. A Saudiyya, jami'o'in KFUPM da ke Dhahran da KAUST da aka buɗe a 2009 suna ɗaukar nauyin ɗalibai. In babu wanda ya yarda ya biya ka ka yi binciken, wannan kansa saƙo ne game da darajar binciken a kasuwa. A gida kuɗin makaranta da sauƙi, amma lokaci ake biya da shi, yajin aikin malamai na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Ga mai iyali, ko wanda ƙanne ke kallo, shekara biyar a kan ɗan alawus ba ƙaramin lissafi ba ne, kuma ya dace a yi shi da matar gida da iyaye tun kafin a cike fom.

Tsarin ƙasa ma yana shafar mai son tsallakawa. A Amurka ana fara digirgir da darussa na shekara ɗaya ko biyu da jarrabawar cancanta, duka ya kai shekara biyar ko shida, don haka ɗan injuna na da sararin cike giɓinsa a da'irar lantarki da ilimin maganaɗiso. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, ranar farko ake sa ran ka fara bincike, babu filin koyon tushe. Ƙofar da ta fi sauƙin bi tsakanin gidajen ita ce ta dabarun sarrafawa, domin duka sassan suna koyar da ita da lissafi iri ɗaya.

Sama da duk wannan akwai malamin da zai duba aikin. Mutum ɗaya ne zai riƙe makomarka na shekaru, shi zai karanta rubutunka ko ya ajiye shi a durowa wata shida, shi zai kira abokinsa a kamfani ya ce ga ɗalibina. Kafin ka amsa tayi, ka binciki ɗalibansa biyar na baya: shekara nawa suka yi, ina suke aiki yanzu. Ka tambayi kuɗin da zai riƙe ka na shekara nawa ne, a rubuce. Ka nemi ɗaya daga cikin ɗalibansa na yanzu ku yi magana a bayan idonsa. Malamin kirki a sashen da ba shi ne zaɓinka na farko ba ya fi maka alheri nesa ba kusa ba a kan mai watsi da ɗalibai a sashen da ake yayi.

In aka matsa mini sai na zaɓa, aka ce ga yaro mai ƙwazo da zuciyarsa ba ta karkata ko'ina ba, zan ce ya nufi lantarki, ɓangaren tsarin wuta ko juya ta. Hujjata uku ce: bincikensa ya fi yiwuwa da ɗan kayan da muke da su, buƙatarsa a gida ba za ta ƙare a zamaninmu ba, kuma yana sayuwa a waje. Amma irin wannan yaro da wuya a same shi. Yawanci mutum ya riga ya san darasin da yake karantawa har dare ya raba bai sani ba. Wanda ilimin zafi ke yi masa haka, in ya bar shi ya bi yayi, zai je ya yi gogayya da waɗanda suka shekara bakwai a fannin suna kuma son sa, shi kuwa yana lallaɓawa. Abin da zan wajabta wa kowannensu shi ne ya iya rubuta manhaja da hannunsa, ya riƙe lissafi gam, domin waɗannan biyun su ne guzurin da ke bin mutum duk inda kasuwa ta juya.

Ɗan yayata ya zauna a mekanikal. Ya ɗauki tambayar yadda zafin bazara ke cin ƙarfin faifan sola da tsawon ran batir, yana kuma bin darasin inbata a intanet da daddare don ya riƙa jin yaren mutanen da zai yi aiki da su. Ya rubuta wa malamai uku a ƙasashe biyu, ɗaya ya amsa ya ce yana son ganin ma'aunai na gaske daga wuri mai zafi da ƙura, ba na kwamfuta ba. Tun daga lokacin kullum bayan azahar sai ya jingina tsani a katangar gidana ya hau rufi da ɗan ma'aunin zafi da littafi, faifai biyu yana goge su kowace safiya, biyu kuma ya hana kowa taɓawa. Makon jiya ya sauko yana share gumi ya nuna mini shafin ranar, zafin faifan da ba a goge ba ya kai digiri 63.